Mai Suna Ɗaya

Ƙarfe biyun dare a Semarang,
ruwa na dukan kwanon rufi kamar mai bin bashi,
ni da kofin da ya huce, da layi na ɗari da sha bakwai.

Aikina yanka ne.
Rubutu kan zo mini a miƙe kamar karan rake:
suna, ƙauye, awon jini, bayani, magani, lambar waya.
In ce wa manhaja, duk inda kika ga waƙafi nan ce gaɓa,
sara.
Sai ta sara, ta jera gunduwa-gunduwa a faranti,
ta farkon sifili ce, don mu a sana'armu
daga babu muke fara ƙirga.

Wata uku wuƙar ba ta taɓa yatsan kowa ba.

Sai jiya Bu Sumirah ta kira daga asibitin ƙauye, can gindin dutse,
akuya na kuka a bayan muryarta:
"Kinasih, wayar nan sau huɗu tana mutuwa a hannuna.
Da na shigar da Mbah Wagiran sai ta rufe ido."

Na nemo layinsa.
Wagiran. Shi ke nan.
Ba na uba, ba na kaka, ba laƙabi.
Ni kuwa na koya wa manhaja ta tsaga suna a wurin tazara
ta ɗauko rabi na biyu.
Ta zura hannu a kwano, wayam,
ta faɗi sumammiya.

Shekara tamanin da ɗaya yana amsa kira da suna guda.
Da shi ya noma taba, da shi ya aurar da 'ya'ya shida,
da shi ya binne matarsa,
sai ga ni, 'yar jiya-jiya,
na ce bai isa ba.

Na gyara. Barci? Ina!
A gurbin bayani Bu Sumirah ta rubuta:
"jiri, amma ya ci abinci".
Waƙafinta na numfashi ne, na mace mai magana,
manhaja ta zaci gaɓa ce,
ta sara,
"amma ya ci abinci" ya zame ya faɗa gurbin magani.
Dattijo ya wayi gari da maganin da babu kantin da ke sayarwa.

Na ce to, a sake alama,
a kafa sanda a tsaye, wadda ba mai rubuta ta a hira.
Na manta sandar nan tana da wata ma'ana a kunnen injin
in ba a sa mata takunkumi ba.
Ta yi wa sunan filla-filla,
haruffa bakwai, kowanne a ɗakinsa,
kamar shinkafar da ta zube a tabarma.
Na yi ta dariya ni kaɗai har maƙwabci ya buga bango.

Da takunkumi ya zauna na ƙirga:
shida nake jira, biyar suka zo.
Gurbin ƙarshe, na wanda za a kira in ciwo ya tashi da dare,
fanko ne,
injin kuwa ba ya riƙe fanko a wutsiya, kakkaɓe shi yake.
'Ya'ya shida, ba lamba ko ɗaya.
Sai da na rubuta masa ɗaya mai alamar ragi
kafin ya yarda cewa babu ma abu ce,
a bar mata kujerarta.

Ladan ya fara kira, ruwa ya tsagaita.
Na tura gyaran, na kifa kai a tebur.

Da hantsi wayata ta yi ƙara.
Hoton allo ne: Wagiran, cikakke, ba a taɓa masa harafi ba,
jininsa ya ɗan hau,
a gurbin nan na shida kuma
Bu Sumirah ta sa lambarta.